Daga Duwatsun Danko Zuwa Kalifoniya: Rigimar Sunan Masu Tattaki

Matafiyin da ya shiga ƙasar Zuru, ko ta Kontagora ya biyo ko ta Koko, duwatsu ne za su fara cika masa ido. Suna tsaye a bayan gonakin dawa da masara, tsakanin ɗorawa da kaɗanya, wasu a cure wuri guda, wasu a warwatse har iyakar Zamfara da Neja. Danko ɗaya ce daga cikin ƙasashe 5 da suka haɗu suka zama Masarautar Zuru, tare da Dabai, Fakai, Sakaba da Wasagu, kuma tarihin mutanen yankin a jikin dutse yake rataye. A ƙarni na 19, lokacin da mahayan Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim na Kontagora ke kai farmakin kama bayi, 'yan ƙabilar Lelna da maƙwabtansu kan duwatsu suka dogara, domin doki ba ya hawa inda ƙafa ke hawa. Sai bayan Turawa sun ci Kontagora a 1901 ne ƙauyuka suka riƙa saukowa fili sannu a hankali.

Yau lamarin ya juya. Daji da dutse sun koma maɓoyar 'yan bindiga. A watan Yunin 2021 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 88 a ƙauyukan ƙaramar hukumar Danko/Wasagu. A Maris ɗin 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Matar da ke shiga daji neman itace da manomin da gonarsa ke gindin dutse duk sun san cewa fita gari ba abin wasa ba ne.

A wasu ƙasashe, hawan dutse da tattaki cikin daji nishaɗi ne na ƙarshen mako, mai ƙungiyoyi da katin zama mamba da kuɗin shekara. Cikin waɗannan ƙungiyoyi akwai waɗanda mutanen da ke jin tsoron fita su kaɗai suka kafa: baƙar fata, mata, Musulmi, naƙasassu, da kuma waɗanda Hausawa ke kira 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, kafafen labarai kuma ke ce musu masu neman jinsi ɗaya. Ƙungiyoyin wannan rukuni na ƙarshe sun shafe shekaru suna kokawa da tambaya guda: me za a rubuta a kan tuta? Wasu sun sauya suna don su faɗaɗa ƙofa, wasu kotu ce ta tilasta musu, wasu kuma, a nan Afirka, sunan ne ya hana a ba su takardar rajista. Bin sawun wannan rigima yana nuna yadda kalma biyu ko uku ke yanke wa zai fito, wa zai zauna gida, wa kuma zai kwana a hannun hukuma.

Sunan ɓoyewa da sunan bayyana

A Amurka ta shekarun 1950, ƙungiyar irin waɗannan mutane ba ta isa ta faɗi abin da take ba. Wadda Harry Hay da abokansa suka kafa a Los Anjalis a 1950 sun sa mata Mattachine Society, sunan wasu 'yan wasan Faransa na da masu rufe fuska. A 1955 mata 8 a San Faransisko, ciki har da Del Martin da Phyllis Lyon, suka kafa Daughters of Bilitis. Sun ɗauko sunan daga wani littafin waƙoƙin Faransanci da ba kowa ya sani ba, da gangan, don in an tambaye su su ce ƙungiyar masu karatun waƙa ce. A lokacin 'yan sanda na kai samame mashayu, jaridu na buga sunayen waɗanda aka kama, washegari mutum ya rasa aikinsa.

Daji ya ba su abin da gari ya hana. A kan hanyar dutse babu ƙofar da ɗan sanda zai tare, babu giya, babu hayaniya. Mutum goma da jakunkuna a baya ba sa jan hankalin kowa. Bayan boren mashayar Stonewall a birnin New York, wanda ya fara ranar 28 ga Yunin 1969, sai aka shiga zamanin faɗin suna ƙarara. A Birtaniya aka kafa Gay Outdoor Club a 1974, shekara 7 bayan majalisa ta sassauta dokar hukunci a Ingila da Wales. A Sukotland, inda manyan duwatsun ƙasar suke, abin bai daina zama laifi ba sai 1981. Mamban da ya hau jirgin ƙasa daga Landan don hawan dutse a arewa, yana ƙetare iyaka matsayinsa a gaban doka ya sauya.

Faɗin suna a fili ya zo da nasa tsadar. Tom Waddell, likita kuma ɗan wasan da ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, ya shirya babbar gasa a San Faransisko a 1982 da sunan Gay Olympics. Saura kwana 19 a buɗe, Kwamitin Olamfik na Amurka ya samo umarnin kotu da ya hana amfani da kalmar. Masu aikin sa-kai suka zauna suna goge ta daga fastoci, riguna da lambobin yabo, gasar ta koma Gay Games, 'yan wasa kusan 1,350 suka fafata. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta goyi bayan Kwamitin a watan Yunin 1987. Waddell ya rasu bayan 'yan makonni, cutar ƙanjamau ce ajalinsa.

Lokacin da tsohon suna ya yi kaɗan

Misali mafi kusa da batun tattaki yana cikin Sierra Club, tsohuwar ƙungiyar kare muhalli da John Muir da abokansa suka kafa a San Faransisko a 1892. Rassanta na da ɓangarori daban-daban masu shirya fita daji. A 1986, bayan ja-in-ja a cikin reshen yankin San Faransisko, aka amince da ɓangaren Gay and Lesbian Sierrans. Shekarun ne ƙanjamau ke ɗauke samari a birnin babu ƙaƙƙautawa, don haka fitar Asabar ta zama wurin da mai jinya da mai makoki ke samun iska da abokin hira.

Shekaru suka ja, sunan da aka sha wuya kafin a same shi ya fara matse wasu. Kalmomin biyu na nufin maza masu neman maza da mata masu neman mata. Ina masu sha'awar jinsi biyu? Ina waɗanda suka sauya jinsi, ko waɗanda ba su ɗauki kansu namiji ko mace ba? Matashin da ya ga sunan a intanet sai ya ɗauka taron tsaran iyayensa ne. Daga baya ɓangaren ya koma Rainbow Sierrans, wato ya jingina da bakan gizo, alamar da Gilbert Baker ya ɗinka a tuta mai launi 8 a wannan birni a 1978. Bakan gizo bai ambaci kowa ba, don haka bai bar kowa a waje ba, kuma wanda abin ya shafa yana ganinsa ya gane.

Ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. A 2013 ƙungiyar GLAAD mai sa ido kan kafafen labarai ta ajiye dogon sunanta ta riƙe haruffan kawai. PFLAG, ta iyaye da dangi, ta yi haka a 2014, shekarar da National Gay and Lesbian Task Force ta koma National LGBTQ Task Force. Sababbin ƙungiyoyin tattaki kuwa tun farko suka kauce wa jera rukunai. Perry Cohen ya kira tasa The Venture Out Project da ya kafa ta a jihar Masacusets a 2014. Jenny Bruso ta Portland ta sa wa tata Unlikely Hikers a 2016, ma'ana masu tattakin da ba a zata ba, ta haɗa masu ƙiba, baƙar fata, naƙasassu da masu neman jinsi a inuwa ɗaya. Wasu kuma sun rungumi kalmar queer, wadda a da zagi ce, matasa suka karɓe ta tun wajen 1990 suka mai da ita sunan kansu. Dattawan da aka jefa da ita a makaranta har yau da yawansu ba sa son jin ta.

A nan ne gardamar ke zafi a cikin gida. Tsofaffin mambobi na ganin cire kalmar da suka yi gwagwarmaya a kanta tamkar komawa ɓuya ne. Matasa na ganin tsohon suna shinge ne. OutdoorLads ta Manchesta, da aka kafa a 2006, ta zaɓi tsakiya: ta ci gaba da zama ta maza, amma ta rubuta a fili cewa har da masu sha'awar jinsi biyu da mazan da suka sauya jinsi.

Aikin sauya suna kansa ba ƙarami ba ne ga ƙungiyar 'yan sa-kai da ba ta da ofis. Sai an kira babban taro an kaɗa ƙuri'a, a gyara kundin tsarin mulki, a je banki a sauya sunan asusu, a sanar da kamfanin inshora, a sayi sabon adireshin intanet, a zana tambari, a buga riguna. Bayan haka sai abin da ya fi wuya, wato sauya hali. Mai son gani ya je bakin hanya da safe, inda ake taruwa kafin a kama tafiya. Jagora na tsaye da takardar sunaye da akwatin agajin gaggawa, mutane sun yi da'ira, kowa ya faɗi sunansa da yadda yake so a kira shi, shi ko ita. A tafiye-tafiyen Unlikely Hikers ƙa'ida ce a bi saurin wanda ya fi kowa nawa, kuma an hana hirar rage ƙiba. Ƙungiyoyi da dama kan tambaya kafin a ɗauki hoto, saboda cikin da'irar akwai wanda gidansu ko wurin aikinsa ba a san inda yake zuwa ranar Asabar ba. Ƙungiyar da ta sauya tambari ta bar waɗannan, sabon zuwa ba ya dawowa karo na biyu.

Wani lokacin kuma akwai kuɗi da mutunci a bayan sabon suna. Ƙungiyar 'yan sikawut ta Amurka, Boy Scouts of America, ta je har Kotun Ƙoli a shekarar 2000 ta kare 'yancinta na korar shugaba mai neman jinsi, kuma ta yi nasara. Da kanta ta ɗage haramcin ga yara a 2013, ga manya a 2015, ta fara karɓar 'yan mata a 2018. A 2020 ta shelanta karyewar arziki saboda ƙararrakin cin zarafin yara, daga baya mutum fiye da 80,000 suka shigar da da'awar neman diyya. Da ta koma Scouting America a Fabrairun 2025, wasu sun ga faɗaɗa ƙofa, wasu sun ga neman wanke suna.

Musulmi a kan Mam Tor

Mai karatu a Birnin Kebbi ko Kano zai iya ganin duk wannan harkar wasu ce can nesa. Labarin Muslim Hikers yana kawo ta kusa. Haroon Mota, Musulmi ɗan garin Coventry, ya buɗe shafin ƙungiyar a intanet a 2020 lokacin kullen korona. Ranar Kirsimetin 2021 ya jagoranci fiye da mutum 100, maza da gemu, mata da hijabi, suka hau Mam Tor, tudu mai tsawon mita 517 a gandun Peak District. Da hotunan suka fita a Facebook sai zagi ya biyo baya, wasu na cewa sun ɓata wurin, wasu na tambayar me ya sa sai sun ware kansu da suna.

Amsar tana cikin abin da ya faru bayan haka. Dubban mutane suka bi shafin, tikitin tafiye-tafiyensu ya riƙa ƙarewa cikin ɗan lokaci. Matar da ba ta taɓa sa takalmin hawan dutse ba ta fito, don ta san za a tsaya a yi Azahar, ba za a ƙare tafiya a mashaya ba, kuma in an harare ta ba ita kaɗai ba ce. A 2023 aka samar musu da darduma mai hana ruwa shiga, aka kafa alamun alƙibla a wata hanyar gandun. Mutum ya shimfiɗa darduma a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya danne gefenta da jaka saboda iska, sahu ya miƙe a bayansa, masu wucewa su ratse gefe.

Aƙidar Muslim Hikers daban take da ta Rainbow Sierrans, kuma ba wanda ke wakiltar wani. Abin da ya haɗa su shi ne dalilin kafawa: tsiraru ne da suka ga akwai haɗari ko wulaƙanci a fita ɗaiɗai, suka rubuta sunansu a tuta don 'yan uwansu su same su. Rhiane Fatinikun ma haka ta yi da ta kafa Black Girls Hike a 2019. Hatta 'yancin taka waɗannan duwatsu da gwagwarmaya aka samo shi. A Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikatan masana'antu daga Manchesta, ƙarƙashin Benny Rothman, suka kutsa Kinder Scout da attajirai suka killace don harbin tsuntsaye, aka ɗaure 5 daga cikinsu. Sai a 1951 yankin ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya.

Suna a gaban alƙali

A Najeriya ba a kai ga gardamar wace kalma ta fi faɗi ba, domin doka ta tare hanya tun daga ƙofa. Ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Haramta Auren Jinsi. Mutane sun fi sanin hukuncin shekara 14 ga masu yin auren, amma sashen da ya shafi ƙungiyoyi ya fi faɗi: shekara 10 ga duk wanda ya yi wa kulob ko ƙungiyar masu neman jinsi rajista, ko ya gudanar da ita, ko ya shiga, ko ya tallafa mata. Dokar ba ta bambanta ƙungiyar siyasa da ta motsa jiki ba. A jihohin Arewa 12 da suka ƙaddamar da dokokin hukunci na Shari'a tun daga Zamfara a 2000, ciki har da Kebbi, hukuncin ga Musulmi ya fi haka tsanani. A 2022 wata kotun Shari'a a Ningi ta jihar Bauchi ta yanke wa mutum 3 hukuncin jefewa.

An gwada dokar a kan suna. Pamela Adie ta nemi Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta yi wa wata ƙungiya rajista da sunan Lesbian Equality and Empowerment Initiatives. Hukumar ta ƙi, ta ce sunan ya saɓa wa manufar ƙasa da dokar 2014. Adie ta garzaya Babbar Kotun Tarayya a Abuja tana dogara da sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin taro da shiga ƙungiya. A Nuwamban 2018 Mai Shari'a Nnamdi Dimgba ya kori ƙarar, ya ce sashe na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita wannan 'yanci. Shi ya sa ƙungiyoyin da ke aiki a wannan fanni a ƙasar ke ɗauke da sunaye na lafiya ko na haƙƙin ɗan Adam, irin The Initiative for Equal Rights ta Legas, kusan yadda matan San Faransisko suka yi a 1955.

Sauran ƙasashen Afirka sun rabu. A Botsuwana kotu ta umarci gwamnati ta yi wa LEGABIBO rajista a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2016. A Kenya hukumar ƙungiyoyi ta ƙi sunayen da lauya Eric Gitari ya gabatar saboda kalmomin da ke ciki, aka shafe shekara 10 ana shari'a, har Kotun Ƙoli ta yanke ranar 24 ga Fabrairun 2023, da rinjayen alƙalai 3 a kan 2, cewa hana rajistar ya saɓa wa tsarin mulki. Alƙalan sun bambanta abu biyu: aikin da doka ta haramta yana nan a matsayin laifi, amma taruwar mutane ba laifi ba ce. Hukuncin ya jawo zanga-zanga a Mombasa. A Yuganda kuwa an ƙi yi wa Sexual Minorities Uganda rajista saboda sunan, gwamnati ta rufe ta a 2022, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan ƙin rajistar a Maris ɗin 2024.

Abin da Arewa ta sani

Ra'ayin jama'a a nan ba ɓoyayye ba ne. Binciken cibiyar Pew na 2019 ya nuna kashi 7 cikin 100 ne kawai na 'yan Najeriya ke ganin ya kamata al'umma ta amince da neman jinsi. Malaman Musulunci da na Kirista bakinsu ɗaya a kan haramcinsa, kuma a ƙasar Zuru, inda gida ɗaya kan haɗa mai zuwa masallaci, mai zuwa coci da mai bin al'adar kakanni, wannan na cikin abubuwan da ba a saɓani a kai. Zafin batun ya fito a Yulin 2024, da jaridar Daily Trust ta ruwaito cewa Yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu na ɗauke da sharuɗɗan goyon bayan masu neman jinsi. Huɗubobi suka ɗauka, kafafen sada zumunta suka kama da wuta. Daga baya hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen labarai ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta ba da haƙuri.

Duk da haka ƙasar Hausa ta daɗe da sanin mutanen da ba su zauna daidai cikin rabon namiji da mace ba. 'Yan daudu sun kasance a bakin tasha da kasuwa suna soya kaza, suna tuƙa tuwo, suna hidimar biki, kuma jama'a na saye suna ci. Masanin harshe Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya fitar da littafi a 2009, ya nuna da yawansu na da mata da 'ya'ya, suna salla, wasu sun sauke farali, kuma ba duk ɗan daudu ne mai neman maza ba. Ba su da tuta ko rajista. Suna da iyayen gida a sana'a, da zumunci, da adashi, da kalmomin da su kaɗai ke gane wa. Bayan 2000 wuraren sana'arsu da dama sun watse.

Haɗa kai don fita aiki tare ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zuru. A al'adar golmo ta Lelna, saurayi kan yi wa surukinsa noma har shekara 7, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da tsaransa suke tafiya gona zuwa gona. Bikin Uhola na tara dangi daga nesa. Juriyar da wannan tarbiyya ke dasawa na cikin abin da ake dangantawa da yawan sojojin da yankin ya ba Najeriya, har da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. A Abuja da Jos matasa sun mai da hawan dutse al'adar safiyar Asabar, suna taruwa ta WhatsApp su nufi Ushafa ko Shere. Saurayin Danko ko Ribah da ke son irin wannan yana da duwatsun, abin da ya rasa shi ne tsaro, kuma wannan rashi bai tambayi addininsa ko halinsa ba.

Ga wanda ake zargi da neman jinsi, haɗarin ninki biyu ne, domin taro kansa na iya zama hujja. A Fabrairun 2014, wata guda bayan sa hannu a dokar, gungun mutane a Gishiri ta Abuja suka fito da maza 14 daga gidajensu da duka. A Afrilun 2017 aka kama 53 a Zariya, a Disambar 2022 Hisbah ta kama 19 a Kano, a Oktoban 2023 jami'an hukumar tsaron farar hula ta Civil Defence suka kama 76 a Gombe. Rahoton Human Rights Watch na 2016 ya nuna dokar ta zama makamin karɓar kuɗi da barazana. Akwai kuma abin da ake kira kito, inda ake yaudarar mutum ta intanet a gayyace shi wani wuri, a yi masa duka, a ɗauki bidiyo, a nemi kuɗi. Gayyatar baƙi zuwa daji, wadda a Kalifoniya hanyar samun aminci ce, a nan ita ce siffar tarko.

Mutum na iya riƙe hukuncin addininsa gam, kuma ya ƙi yarda a doki wani a titi ko a tona masa asiri kan zato. Shari'ar Musulunci da kanta ta gindaya sharuɗɗan shaida masu tsauri, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma sa hukunci a kan ƙazafi. Abin da ake gani a samame da yawa ya saɓa wa wannan tsari: kamu tukuna, kyamara ta biyo, hujja kuma a neme ta daga baya.

Shari'ar Egbeda ta nuna inda hakan ke kaiwa. A Agustan 2018 'yan sanda suka kama maza 57 a wani otal a wannan unguwa ta Legas, suka jera su gaban 'yan jarida, suka ce ana shigar da su ƙungiyar masu neman jinsi ne. Mutanen suka ce bikin zagayowar ranar haihuwa suka je, wasu suka ce aiki ne ya kai su wurin. An gurfanar da 47 a Babbar Kotun Tarayya, shari'ar da aka ɗauka a matsayin gwajin farko na dokar 2014. Aka yi ta ɗage zama saboda masu gabatar da ƙara ba su kawo shaidu ba. A Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya soke ƙarar saboda rashin bibiya, amma bai wanke su ba, don haka doka ta bar damar sake kama su a kan zargin. Kafin ranar, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bi sawun wasu daga cikinsu, ya tarar akwai wanda ya rasa aiki, akwai wanda danginsa suka kora, akwai wanda abokan cinikinsa suka gudu, duk sakamakon fuskokin da aka nuna a talabijin shekara 2 kafin alƙali ya ce uffan.